Ƙwaryar Da Na Kaɓe a Hanyar Dogon Dawa

Hajara, wannan babin naki ne, ko da yake ƙannenki ma za su karanta. Ranar sunan jikarki ina zaune a zaure na jiyo muryarki daga cikin gida, kina ba matan da suka taru labarin mahaifinki. Kin ce iska ce ta buge shi a gindin wata tsamiya a hanyar Dogon Dawa ana cikin tsere. Haka aka gaya miki, haka kika riƙe, kuma ina ji ina gani na bari. Na karɓe ki tun daga yaye, na aurar da ke, kina ce mini Baba, amma ban taɓa zaunar da ke na faɗa miki yadda wana Idi ya mutu ba. Yanzu idona ya yi rauni, waɗanda suka san maganar kuma duk sun riga ni tafiya. Babu iskar da ta taɓa mahaifinki. Ƙishirwa ce ta kashe shi, kuma da hannuna a ciki.

Sai na fara da kakanki Tanko, don ba za ki gane wautar da muka yi ba sai kin san gidan da muka tashi. A zamanin Turawa shi ne ɗan aiken dagacin Kazage. Idan saƙo ya taso wanda ba zai jira ranar kasuwa ba, shi ake kira, ya sha ɗamara, ya ratsa daji da gudu har Birnin Gwari, ya faɗi saƙon da baki, ya juyo. Lokacin da muka yi wayo ya riga ya ajiye aikin, gwiwoyinsa sun gaji, keke kuma ya shigo ƙasar. Abin da ya rage masa shi ne labari, kuma Allah ya yi masa bakin bayar da shi. Idan an dawo daga gona yakan zauna a kan kifaffen turmi a tsakar gida, ya miƙe ƙafa, ya fara daga inda ya ga dama. Duk inda ya faro, wuri ɗaya yake sauka.

"Ni Tanko, daga nan har Birni ban taɓa shan ruwa a hanya ba," in ji shi. "Ɗan aike ba ya sha sai ya sauke saƙo. Ruwa ke sa ƙafa nauyi. Tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin harshe ta ishi namiji."

Innarmu ba mai yawan magana ba ce, amma ba ta barin wannan ta wuce. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi, sai ta ce:

"Ni dai abin da na sani, ni ke wanke wandon, kuma kullum da laka a gwiwa yake dawowa."

"Santsi ne," Baba yakan amsa. "Ke ina kika san hanyar daji?"

Mu kuwa sai mu kwashe da dariya, muna zaton faɗuwa take yi masa gori.

Mu biyu ne maza a gidan. Idi ne ɗan fari, don haka daga Inna har Baba babu mai kama sunansa, Babba suke ce masa. Mutum ne mai sanyin hali, mai faɗin ƙirji, wanda idan aka ce masa abu kaza haramun ne a gidan nan, to ya bar shi ke nan, ko ana ganinsa ko ba a gani. Ni Sani ban yi haka ba. Idi ya gaji ƙafar Baba, ni na gaji ƙafar da bakin, kuma bakin ya fi yawa. Ni ne mai yawo da labarin Baba a dandali, ina ƙara masa gishiri, har samarin Kazage suka san cewa 'ya'yan Tanko ba sa shan ruwa a kan hanya. Idi bai taɓa faɗin haka ga kowa ba. Shi dai yi yake yi.

Shekarar da nake magana a kanta ba a daɗe da karɓar mulki daga hannun Turawa ba. Damina ta yi kyau, dawa ta yi kai, sai giwaye suka fito daga daji suka bi ta gonar Idi, wadda ita ce ta ƙarshe kafin kurmi. Da gari ya waye babu kara ɗaya a tsaye. Na je na same shi a tsakiyar gonar yana tsince zangarniyar da aka tattake, ɗaya bayan ɗaya, yana sawa a kwando, ko rabi bai cika ba. Mahaifiyarki Asabe tana da cikinki, ya tsufa. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba, amma daga ranar ya rage cin tuwo, yana tura wa Asabe nasa.

Ana cikin haka wani malamin makaranta a Birni, Malam Bitrus, ya dawo daga kwas a Zariya da usur a wuya da agogon auna gudu. Ya shawo kan manya aka yarda a yi tseren mil goma sha uku da 'yan kai, abin da yanzu kuke ji a rediyo ana kira rabin gudun fanfalaki. Ba a taɓa yin irinsa a ƙasarmu ba. Da tseren kaɗai ne da manoma ba su bar gona sun je ba, amma malamin daji ya ce yana neman masu gadin gandun daji guda biyu, masu ƙafa, kuma wanda ya zo na ɗaya da na biyu su zai ɗauka. Kaki, keke, da albashi duk wata. Ga mutumin da giwa ta cinye wa shekara, wannan ba wasa ba ne. Idi ya ce zai shiga saboda Asabe da abin da ke cikinta. Ni na shiga ne don a kira sunana a fili, ba zan ɓoye miki ba.

Malam Bitrus ya zagaya ƙauyuka a kan keke yana rubuta sunaye, ya iso gidanmu da hantsi. Mutum ne mai ladabi, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure ya durƙusa ya gai da Baba. Ya yi mana bayani dalla-dalla: mota za ta kai mu can kan hanyar Dogon Dawa ta sauke mu, mu dawo da ƙafa zuwa filin makaranta. Ya ce ya shirya mata da tuluna a wuri huɗu a kan hanya.

"Ku sha a kowane wuri, ko ba ku ji ƙishi ba," in ji shi. "Gudun ƙarshen damina daban yake, Baba. Jiki yana zubar da ruwa fiye da yadda mutum yake sani."

Baba ya yi murmushi irin na wanda yaro ya zo koya masa noma.

"Malam, a takarda ka karanta gudu ko da ƙafa?"

"A takarda, Baba. Amma waɗanda suka rubuta da ƙafa suka koya."

"To ka ba 'ya'yan wasu. Nawa ba sa sha."

Malam Bitrus ya dubi Idi, ya dube ni, ya ga babu wanda zai yi magana a gaban ubansa, ya yi sallama ya tafi. Mako uku muka yi muna gwaji. Bayan sallar asuba mukan fita da gudu mu zagaya ta bayan gari mu dawo kafin rana ta ɗaga, da raɓa a ƙafa, da sanyin safiya a jiki. A irin wannan lokacin ko jariri ba ya neman ruwa. Kullum muka dawo sai mu ƙara yarda cewa Baba ya fi malam sani.

Ana gobe tsere muka kama hanyar Birni mu uku, don Baba ya ce sai ya gani da idonsa. Ya sa aka ɗinka mana wanduna farare iri ɗaya, masu wuce gwiwa kaɗan, irin wanda yake sawa a zamaninsa. Inna ta biyo mu har ƙofar gida da gora cike da ruwa, ta miƙa wa Idi ba tare da ta dube shi ba, kamar yadda uwa take yi da ɗan fari.

"Babba, riƙe wannan."

"Mayar da kayanki," in ji Baba. "So kike a yi mini dariya a Birni?"

Idi ya tsaya da gorar a hannu, yana duban wannan yana duban waccan. Daga bisani ya ajiye ta a gindin danga a hankali, ya ce, "Inna, ki yi mana addu'a." Baba ya zaro fararen tsakuwoyi biyu daga aljihu ya ba kowa ɗaya. Wannan ne ganin ƙarshe da Inna da Asabe suka yi masa.

An yi kwana biyu ana ruwa, ranar tseren kuwa gari ya waye tas. Baba ya hana mu karin kumallo, ya ce da cikin wofi ake gudu, kurɓi ɗaya ya bari muka yi bayan alwala. Mu ashirin da wani abu muka hau bayan mota. An shirya a tashi tun da sanyin safe, amma ana saura kaɗan mu isa wurin tashi injin ya mutu. Direba da yaronsa suka shige ƙarƙashin mota, mu kuma muka zauna a gefen hanya muna kallon rana tana hawa. Kin san zafin nan na ƙarshen damina, wanda ko a inuwa kake zufa ba ta bushewa. Ciyawa ta fi mutum tsawo a gefe biyu, ta tare iska, ƙasa tana fitar da tururi. Ba mu fara gudu ba amma riguna sun manne mana a baya. Sauran suna ta zuwa wurin garwar da Malam Bitrus ya taho da ita suna sha, suna tsokanarmu, "'Ya'yan Tanko, ba kwa taɓawa?" Ni ne na amsa musu, da ƙarfi, cewa mu ba shanu ba ne.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba in ban da mutum ɗaya. Maƙogwarona ya bushe har haɗiyar yawu tana yi mini zafi. Na ce wa Idi zan zaga. Na shiga cikin ciyawa, na bi gangare, na tarar da wani ɗan rafi yana gudu a ƙarƙashin itatuwa. Na waiga ban ga kowa ba. Na cire tsakuwar, na durƙusa a bakin ruwan, na kafa kai na sha har cikina ya ɗauka, na jiƙa kaina, na jira gashina ya ɗan bushe. Sannan na mayar da tsakuwar bakina na fito ina gyara ɗamara. Idi yana zaune inda na bar shi, leɓɓansa sun yi fari. Ya ce, "Ka daɗe." Na ce ciki ne. Da na ce masa, Yaya, akwai rafi a ƙasa, je ka babu mai gani, da yau wani labarin nake rubutawa. Kunya ta hana ni, don na riga na cika baki a gaban mutane.

Rana ta kusa tsakiya lokacin da motar ta tashi ta ƙarasa da mu, aka hura usur. Mil ukun farko ba su da labari. Muka wuce matan farko da tulunansu ko kallo ba mu yi musu ba, mutane suna tafi. Kafin wuri na biyu rabin masu gudun sun koma tafiya, wasu sun zauna. Hanyar jar ƙasa ce, ga kwari ga tudu, babu inuwa sai jefi-jefi. Numfashi ya zama kamar mutum ya kifa fuska a kan tukunyar tuwo. Zufa tana shiga ido, tana gangarowa har cikin tafin ƙafa. Idi yana gabana da taku biyar, gudunsa a shimfiɗe, ba ya waiwaya. Mutum ɗaya ne kawai a gabanmu, wani dogon Bafulatani, shi kuwa duk inda ya ga tulu sai ya tsaya ya sha ya zuba a ka, ya sake wuce mu. Na lura da hakan, amma ban bari ya shiga kaina ba.

Wuri na uku yana kan wani ɗan tudu, bayan mil tara. Wata dattijuwar Gbagyi ce a wurin, Iya Talatu, ta sauke tulunta daga kafaɗa ta tsaya a tsakiyar rana da ƙwarya a hannu. Mutanen ƙauyen sun taru a bayanta. Tun daga nesa na ga gudun Idi ya sauya, ƙafarsa ta hagu tana jan ƙasa. Da ya iso gabanta sai ya tsaya. Ya miƙa hannu biyu ya karɓi ƙwaryar, ya ɗaga ta zuwa bakinsa. Wani daga cikin masu kallo ya ce, "A'a, ashe ɗan Tanko ma yana sha." Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma ni ta shige ni har ƙashi. Na iso da guduna, na sa bayan hannu na kaɓe ƙwaryar. Ruwan ya watse a ƙasa, ƙwaryar ta mirgina cikin ciyawa.

"Yaya, a gaban mutane?" na ce. "Baba yana can fili yana jira. Me za a je a ce masa? Saura mil huɗu kawai."

Ya dube ni. Idanunsa sun yi ja, sun shige ciki. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

"Haka ne," ya ce. "Mu je."

Iya Talatu ta riga ta sake ɗebo wani a murfin tulu, amma ya juya. Ni ta kama wa hannu, da Hausarta mai nauyi ta ce:

"Yaro, ruwan nan ba naka ba ne da za ka zubar."

Na fizge hannuna na bi shi. Cikina cike yake da ruwan rafi lokacin da na yi wannan, Hajara. Ina so ki karanta wannan layin sau biyu.

Mun yi kamar mil ɗaya da rabi kafaɗa da kafaɗa. Sai na lura bayansa ya bushe. Ni zufa tana zuba, shi kuwa fatarsa ta yi ƙayau kamar bai yi gudu ba. A wautata na ɗauka ƙarfinsa ne ya dawo. Ya fara magana ƙasa-ƙasa, yana kiran sunan kakarmu da ta daɗe da rasuwa, yana cewa a kori giwayen daga cikin dawa. Da muka zo daidai wata babbar tsamiya sai ya karkata ya bar hanya, ya nufi gindinta yana tangaɗi, ya dafa ta. Na rage gudu na kira shi. Ya ɗago hannu ba tare da ya juyo ba.

"Je ka, Sani. Kada wurin ya kuɓuce mana. Ina zuwa."

Na ji sawun wani a bayana. Na tafi. Na gaya wa kaina hutawa zai yi, na gaya wa kaina motar tana biye da mu, na gaya wa kaina idan na samu aikin ai gida ɗaya ne. Duk wannan na faɗa wa kaina cikin taku goma, kuma ban waiga ba.

Na shiga fili na biyu, bayan Bafulatanin. Aka ɗaga ni sama, ana kiɗa, ana kiran sunan Tanko. Baba ya taso da babbar rigarsa, fuskarsa kamar ranar Salla, yana duban bayana yana neman Babba. Na ce yana tafe. Na uku ya shigo, na huɗu ya shigo, na biyar ya ce ya ga mutum kwance a gindin tsamiya. Malam Bitrus ya jefar da takardarsa ya hau mota. Da suka kawo shi ɗakin shan magani jikinsa ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. Malamin asibitin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya tuɓe shi, ya yi ta kwara masa ruwa, ya sa ana yi masa fifita. Da ya buɗe bakinsa don ya ɗiga masa ruwa sai ya zaro farar tsakuwa daga ƙarƙashin harshensa. Ya juya ta a hannu, ya dube mu.

"Jikin mutumin nan babu ruwa ko kaɗan. Wa ya hana shi sha?"

Baba ya miƙa hannu ya karɓi tsakuwar ya sa a aljihu. Ana kiran la'asar Idi ya cika, kafin magariba an binne shi a Birni.

Waɗanda suka ɗauko shi sun ji yana surutai, kuma a gindin tsamiya aka same shi. Kafin mu koma Kazage labarin ya riga mu: iska ta buge ɗan Tanko. Labari ne mai sauƙin ɗauka, ba ya ɗora wa kowa laifi. Baba bai musa ba, ni ma ban musa ba. Malam Bitrus ya ɗora wa kansa, ya ce da bai bari a tashi da tsakar rana ba, kuma bai sake shirya tsere ba har ya bar ƙasar. Iya Talatu ta rayu shekaru bayan haka, muna haɗuwa a kasuwa, ta amsa gaisuwata ta kau da kai. Ban taɓa jin ta faɗa wa kowa ba.

Bayan sadakar uku Inna ta fito da kayan da muka dawo da su don ta wanke a bayar. Ina zaune a ƙofar ɗaki. Ta shimfiɗa fararen wandunan nan biyu a bakin rijiya, ɗaya kusa da ɗaya, ta daɗe tana kallonsu. Na Idi yana da ciyawa da ƙura a gefe, inda ya faɗi. Nawa yana da busasshiyar laka, baƙa, a kan gwiwoyi biyu. Ta ɗago ta dube ni. Tunda aka yi rasuwar ban ga hawayenta ba, don uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane, kuma ranar ma ban gani ba.

"Kai ma santsi ne, Sani?" ta ce.

Ta sunkuya ta ci gaba da wankinta. A lokaci ɗaya na gane ta san abin da na yi, na kuma gane abin da take faɗa wa Baba tun muna yara muna dariya.

Ban iya tunkarar Baba ba, shi ya neme ni. Kwana biyu bayan sadakar arba'in, an haife ki da mako guda, ya tashe ni da sassafe ya ce in ɗauko sanda. Muka bi tsohuwar hanyarsa ta daji, wadda ciyawa ta kusa cinyewa, yana ɗingishi ina biye. Da muka zo wata ƙoramar dutse sai ya tsaya. Ya nuna da sanda.

"Nan nake fara sha."

Muka ci gaba. A wani kwari mai gwangwala ya sake tsayawa, ya ce, "Nan ma." A gindin wani dutse mai tsattsafo da ruwa ya ce, "Nan da rani, idan sauran sun ƙafe." Wuri biyar ya nuna mini kafin azahar. A na ƙarshen ya zauna a kan saiwa, ya daɗe yana haki.

"Dokar da aka ba mu ita ce kada ka karɓi ruwa a cikin gari," ya ce. "Wanda ya ba ka ruwa zai tambaye ka labari, kai kuma da ka sha nasa ba ka iya hana shi. Saƙon ake tsarewa. A daji kuwa wa zai tambaye ka? Duk ɗan aike yana sha, in ba haka ba ba ya isa. Sauran ni na ƙara, don yana da daɗin faɗi, ku kuma kuna buɗe baki kuna saurare."

Na durƙusa a gabansa na faɗa masa nawa, rafin da ƙwaryar da tsamiyar, ban rage komai ba. Na zaci zai ɗaga sandar, kuma da na ji sauƙi. Bai ɗaga ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da tsakuwar.

"A nan na tsince ta, bayan na ƙoshi da ruwa," ya ce. "Ni na yi ƙarya, kai ka yi ƙarya. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya gaskata mu." Sannan ya ce, "Idi. Idi bai taɓa yi mini musu ba."

Tunda nake ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. Ya saki tsakuwar cikin ruwa, ya rufe fuska da hannun riga. Daga ranar bai sake hawa turmin nan ya ba da labari ba har ya koma ga Allah. Ya roƙe ni kada Asabe ta ji, don tana jego, na yi alkawari. Jego ya wuce, Asabe ta sake aure, ta rasu, ni kuma na ci gaba da fakewa da alkawarin saboda ya yi mini daɗi.

Na karɓi aikin gandun dajin. Na so in ƙi, Inna ta ce idan na ƙi wa zai ciyar da ke. Shekara talatin na yi ina yawo a dajin nan da kakin da Idi ya mutu yana nema, da shi na biya miki makaranta, da shi na yi miki kayan ɗaki. Kun sha yi mini dariya, ke da ƙannenki, cewa Baba ba ya zuwa ko masallaci sai da gora a rataye, kuma ba ya barin baƙo ya gama sallama bai tura masa moɗa ba. Yanzu kin san dalili. Ba kirki ba ne, kuma bai biya komai ba.

Ban rubuta wannan don ki yafe mini ba, ko da yake ina so, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ba na so ba. Na rubuta ne don mahaifinki ya fita daga bakin masu cewa iska ta ruɗa shi. Da hankalinsa ya tsaya a gaban dattijuwar nan, ya san abin da jikinsa yake bukata, ya karɓi ruwan da hannu biyu, saura kaɗan ya kai bakinsa. Idan jikokinki suka tambaya, ki ce musu ya yi gudu ne don ke, tun ba ki zo duniya ba, kuma ƙaninsa ne ya kaɓe ƙwaryar. Ina gida kullum bayan la'asar, a zauren da kika sani. Idan kin zo zan ji duk abin da za ki faɗa. Idan ba ki zo ba, ba zan aika a kira ki ba.